Daga Kuza zuwa Ragon Layya: Yadda Rufe Iyaka Ke Isowa Congo-Russia

Jos ba ta yi iyaka da kowace ƙasa ba. Wanda ya tashi daga tashar Bauchi Road da asuba, sai ya kusa cinye wuninsa a mota kafin ya ga shingen kwastan na Jibiya ko na Maigatari. Duk da haka da wuya a sami gari a Arewa da dokokin hana fitar da kaya suka sha juya wa rayuwa kamar wannan, domin tun asali fitar da kaya ne ya kafa shi. Unguwar Congo-Russia, da ke cikin cunkoson Jos ta Arewa, mutanen nesa sun fi saninta da cewa a nan rikicin 7 ga Satumba 2001 ya faro. Amma unguwa ce ta masu nema yau su ci yau: direbobi, 'yan dako, masu gwanjo, mata masu awo, mahauta, kanikawa. Ba a taɓa zama da irinsu ba kafin a rufe wata ƙofa, kuma su ne kan fara ganin rufewar a bakin mudu.

Kafin zuwan Turawa, mutanen Liruwe na narka kuza su mai da ita siraran sanduna, fatake su ɗauka su kai Kano da sauran kasuwanni. Sawun waɗannan sanduna ma'aikatan Kamfanin Neja suka bi har suka hau tsaunin Filato a farkon shekarun 1900, suka kafa sansani a Naraguta. Gwamnatin mulkin mallaka ta ce duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa nata ne, ta yanka filaye ta ba kamfanonin Ingila. Murhunan Liruwe suka mutu, gonakin Berom suka koma ramuka. Ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, babba ya iso daga Fatakwal a 1927. Ɗanyar kuza ake ɗurawa a buhuna, a kai bakin teku, a narka ta a Libaful. Masu haƙar kuwa daga ko'ina suka zo, daga Kano da Bauchi da Borno da ƙasar Tibi, har da mutanen ƙasashen da Faransa ke mulka, masu gudun harajin Faransi da aikin tilas.

Ƙofar farko da aka rufe wa Jos, a Turai aka rufe ta. A 1926 tan ɗaya na narkakkiyar kuza ya kusa fam 300 a kasuwar Landan. Da tattalin arzikin duniya ya karye, a 1931 ya koma ƙasa da fam 120. Sai manyan masu kuza suka shawo kan gwamnatoci huɗu, wato Malaya da Bolibiya da tsibiran Holan na Gabas, waɗanda yau ake kira Indonesiya, da kuma Najeriya, suka ƙulla yarjejeniyar da ta fara aiki a watan Maris 1931. An yanka wa kowace ƙasa adadin da ba za ta fitar da fiye da shi ba, bisa abin da ta haƙa a 1929. Aka yi ta rage wannan kaso har ya koma kashi ɗaya cikin uku. Dabarar ta yi aiki, don a 1934 farashi ya koma wajen fam 230. Sai dai a duba wanda ya biya. Yawan leburorin kuza a Filato ya ragu da fiye da rabi cikin 'yan shekaru, albashin waɗanda suka rage ya faɗi, haraji kuwa bai jira kowa ba. Manyan kamfanoni, da suke da tarihin fitar da kaya mai yawa, su suka kwashi kaso mai tsoka, ƙanana suka sayar da filayensu, daga wannan haɗiye-haɗiye ne ma katafaren kamfanin ATMN ya fito kafin ƙarshen shekarun 1930. Mutumin da ya fi kowa tura wannan yarjejeniya daga Landan, John Howeson, a 1936 aka ɗaure shi kan wata badaƙala ta yunƙurin mamaye kasuwar masoro. Ba don kuza aka ɗaure shi ba.

Da Japan ta kama Malaya a 1942, sai magana ta juye. Waɗanda jiya suke cewa a rage, yau suna cewa a haƙo ko ta halin ƙaƙa. Aka shiga kamen ƙarti daga lardunan Arewa ana turo su tsauni, abin da mutane suka kira ɗiban gwamna, daga 1942 zuwa 1944. Da yawa sanyin Jos da yunwa da cuta suka kashe. A 1943 aka haƙi sama da tan 17,000, adadin da ba a sake kai wa ba.

Karo na biyu ya zo gab da samun 'yancin kai. A 1957 da 1958 Tarayyar Sobiyet, wadda ba ta cikin yarjejeniyar kuza, ta antayo kuza mai yawa kasuwannin Turai. Majalisar Kuza ta Duniya ta yi ta saye don ta tallafi farashi har asusunta ya ƙare a Satumba 1958. Maganin da aka koma wa shi ne na dā: daga Disamba 1957 zuwa ƙarshen Satumba 1960 aka ƙayyade abin da kowace ƙasa mai haƙa za ta fitar, Najeriya da Kongo ta Beljiyam duk suna ciki. Sunan unguwar tamu ke nan ya haɗa ƙasar da ta jawo wannan ƙunci da wadda aka sha shi tare da ita. Barikokin kuza suka sake sallamar mutane, da yawansu kuma ba su koma garuruwansu ba, sai suka gangaro cikin Jos suna neman abin yi. An buɗe masana'antar narka kuza ta Makeri a farkon shekarun 1960, amma ranar kuza ta riga ta karkata.

Daga nan labarin ya bar hannun Landan ya koma tsakanin maƙwabta.

Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma ta ratsa tsakiyar Katsinawa da Gobirawa da Daurawa ne. Shekarun farko bayan 'yanci na zumunci ne. Shugaban Nijar Diori Hamani ya tsaya wa gwamnatin tarayyar Najeriya a yaƙin basasa. A 1971 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu mai mazauni a Yamai, daga baya kuma wutar Kainji ta fara haskaka Yamai. Janar Yakubu Gowon, ɗan Filato, shi da Eyadema na Togo suka zaga yankin har aka rattaba hannu kan yarjejeniyar ECOWAS a Legas ran 28 ga Mayu 1975, da alkawarin cewa mutum da kayansa za su riƙa wucewa ba shamaki. Kasuwanci kuwa bai jira takarda ba. Shanu da tumaki da wake da kanwa na gangarowa kudu, gero da masara da man fetur da kayan masana'antu na haurawa arewa. Jos ma ta sami sabon abin fitarwa: dankalin Turawa na Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, da kabeji da karas da tumatir, waɗanda manoman rani ke shayarwa da ruwan kududdufan da kamfanonin kuza suka bari.

Wannan alkawari na ECOWAS bai cika shekara 10 ba aka taka shi. A Janairu 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu. A Afrilu 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta canza launin takardun naira, ta ba mutane ƙasa da mako biyu su canza, ta kuma rufe iyakokin ƙasa don kada kuɗin da aka fitar waje su dawo. Canjin kuɗi ya ƙare a farkon Mayu, iyaka kuwa ba ta buɗu ba. Abin takaicin shi ne lokacin da abin ya faɗo. Daminar 1984 ta ƙi a duk faɗin Sahel, kuma a irin wannan shekara mutumin Maraɗi da na Damagaram hanya biyu gare shi: ya kora dabbarsa kudu ya sayar ya sayo hatsi, ko ya tafi cin rani. Duka biyun aka toshe. Dabbobi suka yi ta mutuwa ba mai saye, hatsi ya yi tsada, a Mayu 1985 kuma aka sake korar baƙi. Talakawan Nijar kan raɗa wa kowace yunwa suna, wannan sai suka kira ta El-Buhari. Ba a buɗe iyakar ba sai a Maris 1986, bayan Babangida ya karɓi mulki.

A Jos, shekarar 1985 ta zo da abu biyu masu karo da juna. A cikinta aka kammala babbar kasuwar Taminus, wadda aka gina da burin ta jawo 'yan kasuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru, alhali hanyoyin da za su biyo a rufe suke. A cikinta kuma, ran 24 ga Oktoba, Majalisar Kuza ta Duniya ta karye da bashi, aka dakatar da cinikin kuza a Landan. Abin da ya rage na manyan kamfanoni ya durƙushe, haƙar ta koma hannun masu diga da shebur. Daga wannan lokaci Jos ta zama garin ciniki da noma da aikin gwamnati, abin da ke faruwa a boda kuwa ya ƙara shafarta.

Shekaru 30 da suka biyo baya ana iya taƙaita su. Najeriya ta yi ta hana shigo da kaya, shinkafa da masara a 1985, alkama a 1987, ga atamfa da gwanjo da taba da kajin ƙanƙara a lokuta daban-daban. Kowace doka kuwa sai ta zama abin arziki ga Kwatano da Maraɗi. A sauke kaya a tashar ruwan Kwatano da sunan na Nijar ne, a biya kuɗin fito a Benin, a biya a Nijar, daga Maraɗi su sulalo Katsina da Kano, daga Kano su watsu. Dilar gwanjon da ake kwancewa a kasuwar Katako ta Jos, wadda matasan unguwanni irin Congo-Russia ke sara su yi talla, akasari irin wannan doguwar hanya take biyowa. Gwamnatocin Benin da Nijar na samun haraji, jami'an kan hanya na samun na goro, mai saye na biyan duka. Kasuwar Taminus ta ƙone a Fabrairu 2002, 'yan kasuwarta suka watsu kan tituna, amma hanyar kayan ba ta canza ba.

Buhari ya dawo a farar hula a 2015 da tsohon ra'ayinsa. Gwamnatinsa ta hana shigo da shinkafa ta iyakokin ƙasa a 2016, motoci daga farkon 2017. Ran 7 ga Yuli 2019, a Yamai, ya sa hannu kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka. Ran 20 ga Agusta, mako shida bayan haka, aka rufe iyakokin ba sanarwa. A Oktoba shugaban kwastan, Kanar Hameed Ali mai ritaya, ya bayyana cewa ba shiga ba fita, ko kayan halal ne ko na fasa-ƙwauri. A Nuwamba aka hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutanen Jibiya da Illela suka koma sayen man ƙasarsu a galan.

Adalci ne a faɗi cewa gwamnati na da hujja. Benin, ƙasar da mutanenta ba su kai na Legas ba, ta zama cikin manyan masu sayen shinkafar Tailan da Indiya, kowa kuma ya san tukunyar da take ƙarewa a ciki. Man da Najeriya ke biya wa tallafi a lokacin na tsiyaya ta kowace kafa. Manoman shinkafa a Kebbi da Jigawa da Kano sun ga kuɗi, injinan casa sun yawaita. Sai dai doka ce da aka yi don shinkafa da fetur, ta faɗa kan kowa. Manomin dankali a Bokkos bai taɓa shigo da ƙwayar shinkafa ba, amma rufewar ta zo daidai lokacin da dankalin damina ke cika kasuwar Maikatako, masu saye daga ƙetare kuma ba hanya. Dankali da tumatir ba sa jiran a gama taron ministoci. Idan motar da za ta ɗauki kaya daga Farin Gada ba ta tashi ba, dillali bai samu ba, ɗan dako bai samu ba, mai abincin da ke ba su bashi ita ma ba ta samu ba. A ɓangaren saye kuma, alƙaluman hukumar ƙididdiga sun nuna hauhawar farashin abinci ta tashi daga kimanin kashi 13 cikin 100 a Agusta 2019 zuwa sama da kashi 19 a Disamba 2020. Korona da rashin tsaro na da nasu kason a ciki, amma tashin ya fara tun kafin a ji sunan korona. Shinkafa 'yar waje ba ta ɓace daga kasuwa ba. Ta koma bayan babur da hanyar daji da buhun da aka sauya wa suna, kuɗinta ya ƙaru.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan rufewa shi ne ƙananan ƙofofin da aka bari a jikin babbar. A Yuli 2020 Babban Bankin Najeriya ya hana ba da dala don shigo da masara. Jos gari ne na masu kiwon kaji, ƙwanta na zuwa har Kano da Maiduguri, abincin kaji kuwa masara ce, sai ƙananan gonaki suka shiga uku. Ba a yi wata biyu ba aka ji an ba kamfanoni huɗu izinin shigo da tan 262,000. A Nuwamba kuma ta fito fili cewa an yarje wa kamfanin simintin Dangote ya riƙa kai kaya Nijar da Togo ta ƙasa, kamfanin BUA ma ya sami irin wannan dama. Mai buhu 20 na dankali ba shi da wanda zai rubuta wa takarda. Ran 16 ga Disamba 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Jibiya da Kamba sai a Afrilu 2022. Tsakanin nan, a Fabrairu 2021, gwamnatin da ta rufe hanyar Maraɗi ta aza harsashin titin jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi.

Rufewa ta gaba ba ta shinkafa ba ce. Ran 26 ga Yuli 2023 sojoji ƙarƙashin Janar Abdourahamane Tiani suka tsare shugaban Nijar Mohamed Bazoum. Kwana huɗu bayan haka ECOWAS, da shugaban Najeriya Tinubu ke shugabanta a lokacin, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi a taron Abuja. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar da Nijar ke samun kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta daga gare ta, aka kuma yi barazanar yaƙi. Tireloli suka yi jerin gwano a Jibiya da Illela, albasa na ruɓewa a ciki. Sanatocin Arewa da malamai da sarakuna suka ƙi maganar yaƙi, kuma ba abin mamaki ba ne, don da wuya ka sami zuri'a a bakin iyaka da ba ta da ɗan uwa a tsallake. Takunkumin bai mai da Bazoum kan kujera ba. Abin da ya haifar shi ne ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso a Satumba 2023, da sanarwar ficewarsu daga ECOWAS a Janairu 2024. Ran 24 ga Fabrairu aka ɗage takunkumin, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren ran 13 ga Maris, Nijar kuwa ta ja aji har 22 ga wata.

Kafin nan wani abu ya canza wanda bai da alaƙa da juyin mulki. Cire tallafin mai a Mayu 2023 da sakin naira a Yuni sun sa sefa ta yi ƙarfin da tsofaffin 'yan canji ba su saba gani ba. A dā mutumin Nijar ke neman naira, yanzu mai hatsi a Dawanau ke neman sefa. Hatsin Najeriya ya zama mai araha ga na waje, mai tsada ga na gida. A Fabrairu 2024, lokacin da aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa a Minna da Kano, gwamnati ta koma farautar motocin da ke fita maimakon masu shigowa. Mataimakin shugaban ƙasa Kashim Shettima ya ce an kama motoci 45 na masara a hanyar fita, kuma a yankin Illela kaɗai akwai ɓarauniyar hanya 32. Ga mai awo a Congo-Russia wannan labari ne mai daɗi, in har zai rage kuɗin mudu. Ga manomin masara a Mangu, wanda ya sayi taki da tsada kuma rikici ya hana shi noma rabin gonarsa, hana fitar da kaya na nufin a karya masa farashi. Jiha ɗaya, buƙata biyu.

Maƙwabta kuma sun koyi karatun. A Mayu 2024 Benin, da take fushi Nijar ta ƙi buɗe iyakar Gaya da Malanbil, ta hana a loda ɗanyen man Nijar a tasharta ta Seme, sai da Sin, mai kuɗin bututun da ke kawo man, ta shiga tsakani. A Oktoba 2024 Nijar ta hana fitar da shinkafa da gero da dawa da masara da wake zuwa ko'ina, ban da Mali da Burkina Faso. Wake dai ya daɗe yana cikin manyan abin da Nijar ke sayar wa Najeriya, kuma mai tuya ƙosai a Jos ba ta tambayar daga wace ƙasa waken ya zo sai ranar da ya yi tsada. A Mayu 2025, saura kamar wata guda Babbar Salla, ma'aikatar kasuwancin Nijar ta hana fitar da dabbobi, da hujjar a sauƙaƙa wa 'yan ƙasa ragon layya. Hujjar Najeriya ce ta 2024, an sauya mata bakin faɗa kawai. Makiyayin Tawa da na Damagaram, wanda ya shekara yana kiwon rago don kasuwar Najeriya, ya rasa mai saye da daraja. Kasuwannin Maigatari da Illela da Mai'aduwa, inda dillalan karar Bukuru da 'Yan Shanu ke saro kaya, suka yi ƙarancin manyan raguna, abin da ya samu tsallakowa ta daji kuma ya iso da kuɗin hanya a kansa.

Wata uku bayan haka Najeriya ta sake ɗaukar nata matakin. Ran 26 ga Agusta 2025 ta hana fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata shida, don masana'antun cikin gida su sami abin matsa, kamar yadda Burkina Faso da Mali suka riga suka yi a 2024. Sanarwar ta fito ana tsakiyar kakar kaɗanya, dokar kuma ta fara aiki nan take. Cikin 'yan kwanaki farashi ya faɗi a kasuwannin Neja da Kwara da Kebbi, inda akasarin masu tsintar ƙwallon matan karkara ne.